Binne Wayar Wuta a Gefen Tsohon Dogon Funtua: A Fara Ceto Filin Tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in sa baki a kan shawarar da ake ta juyawa tun bayan duhun da Arewa ta shiga a watan Oktoba na 2024, wato a daina dasa turakun ƙarfe a daji, a binne babbar wayar lantarki a ƙasa, a bi da ita ta gefen tsohon layin dogo. Mu nan Katsina idan an ce tsohon dogo, guda ɗaya ake nufi: wanda ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua da Tsafe da Gusau ya tiƙe a Ƙauran Namoda, wanda Turawa suka kammala a 1929 don kwasar auduga da gyaɗa. Birnin Katsina kansa bai taɓa samun dogo a zamaninsu ba. Shawarar tana da ma'ana, amma ina ganin masu yaɗa ta sun ɗora ido a kan wayar sun manta da abin da ya fi ta daraja, wato filin da za a binne ta a ciki.

Dalilin masu shawarar ba ɓoyayye ba ne. A wancan watan layin wutar Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarnar da aka yi wa turakunsa a dajin da ma'aikata ba sa iya shiga sai da rakiyar soja, sai kuma layin Ugwuaji a jihar Enugu zuwa Apir a jihar Binuwai, wanda aka jingina da shi, shi ma ya faɗi. Kano da Katsina da Jigawa da sauran jihohi suka kwashe sama da mako guda ba wuta. Masu injin niƙa suka ninka kuɗi, masu walda suka zauna, ƙanƙara ta zama abin nema. Kafin wannan, mutanen Maiduguri sun ɗanɗani wanda ya fi shi tsawo bayan an fasa turakun layin Damaturu a farkon 2021. Duk wanda ya ga haka dole ya ce to, a ɓoye abin a ƙasa mana.

Kuma ba mafarki ba ne, an yi a wasu wurare. A Ostareliya akwai layin Directlink da aka fara aiki da shi a 2000, mai tsawon kilomita 59 da ƙarfin megawat 180, wanda wani sashensa ya bi gefen dogo. A Amurka layin Champlain Hudson, wanda aka yi domin ɗauko megawat 1,250 daga Kanada zuwa birnin New York, tsawonsa ya haura kilomita 500, wani wuri a ƙarƙashin tafki da kogi, wani wuri a gefen dogo da titi. Akwai kuma wani da aka tsara, SOO Green, daga jihar Iowa zuwa Illinois, wanda kusan gaba ɗayansa gefen dogo zai bi. Abin lura shi ne ba tsoron ɓarayi ya kai waɗannan ƙasashe ga dogo ba. Rigimar fili ce. Layin sama yana ratsa gonakin dubban mutane, kowa da lauyansa, aiki ya shekara goma a kotu. Dogo kuwa doguwar tsaga ce guda ɗaya, mai ita guda ɗaya, da shi kaɗai za a zauna a sa hannu.

Wannan matsalar muna da ita, har ma ta fi tasu. Babban layin sama mai ƙarfin kilobolt 330 yana buƙatar fili mai faɗin mita 50 wanda ba a gini a cikinsa, mai 132 kuma mita 30. A lissafa wannan a ƙasar Funtua da Bakori da Ɗanja, inda ko taku ɗaya na gona yana da mai shi da magadansa. Kowa ya san yadda maganar diyya take tafiya a nan: a auna gona, a rubuta suna, shekaru su wuce, wanda aka auna gonarsa ya rasu, 'ya'ya su taso su ce ba su san zancen ba, ko kuwa dare ɗaya a wayi gari an dasa bukkoki a kan hanyar layin don su ma a biya su. Babban layin Kano zuwa Katsina mai kilobolt 330, shekara nawa muna jin labarinsa muna dogara da ƙaramin da ke zuwa ta Kankiya? Ramin kebul kuwa, wato wayar da ake binnewa, faɗinsa 'yan mitoci ne, zurfinsa bai kai tsayin mutum ba. Idan filin dogon yana nan yadda aka shata shi, ba gonar wanda za a taɓa.

To, yana nan ɗin? Nan ne damuwata. Duk inda jirgi ya daɗe bai wuce ba, mutane suna matsowa. Yau rumfar mai shayi, gobe shago na bulo, jibi a zagaye da katanga a ce gida ne, wani ma har da takardar da wani ya buga masa hatimi. A wajen gari kuma manoma sun shigo da garma har gindin ƙarfen, 'yan jari-bola suna kwance noti da ƙarafan da ke riƙe da dogon suna kai wa masu awo. Ba na zargin talakan da ya ga fili a yashe ya kafa rumfa. Wanda ya bar dukiyarsa ba tsaro shi ya jawo. Amma duk shagon da ya tsaya a kan wannan tsaga, diyya ce ta gobe, kuma ranar da aka cinye ta a cikin garuruwan da ta ratsa, duk fa'idar da ake hange ta tafi, don layin wuta ba ya tsallake gari ya ci gaba a bayansa. Tsaga mai tsawon sama da kilomita 200 da ta haɗa jihohi uku, yau ko gwamnati ta sa dukiyarta gaba ɗaya ba za ta iya sake yanka irinta cikin lumana ba.

Sai batun da nake so masu shawarar su daina faɗa, cewa binnewa maganin ɓarayi ce. A watan Janairu na 2025, a tsakiyar Abuja, kusa da Millennium Park, aka tone kebul ɗin ƙasa mai kilobolt 132 aka yanke aka tafi da shi, manyan unguwannin birnin suka shiga duhu. Wannan fa a Abuja ne, inda ɗan sanda yake kowace kwana. Wayar sama galibi alminiyom ce da ƙarfe a tsakiya, ta ƙasa kuwa sau da yawa jan ƙarfe ce, wanda ya fi tsada a wajen masu awo. Wato za a ɗauki abin da ɓarawo ya fi so a shimfiɗa masa shi tsakanin Funtua da Tsafe, yankin da ko rana tsaka matafiya suna addu'a kafin su shiga. Turke idan ya faɗi, daga nesa ake hango shi, a ɗaga wani cikin kwanaki. Kebul idan ya lalace sai an nemo wurin da na'ura, a tone, a kafa tanti don kada ƙura ta shiga, a kawo masu haɗin da suka ƙware, kuma irinsu ba su da yawa ko a duniya. Gyaran makonni ne, wani lokaci watanni, kuma duk tsawon lokacin sai an tsare ma'aikatan a daji.

Akwai kuma abin da ya shafi ita wutar kanta, wanda ba kasafai ake bayyana wa jama'a ba. Irin wutar da ke gidajenmu, wadda ma'aikata ke kira AC, ba ta son doguwar tafiya a cikin kebul. Rufin da aka naɗe wayar da shi yana ɗiban wuta yana mayarwa sau hamsin a kowace daƙiƙa, kuma yawan tsawon kebul yawan abin da yake ɗiba, har ta kai ga kebul ɗin ya cika da wannan kai-komon ba abin kirki da ke isa ƙarshe. Shi ya sa dukkan layukan da na ambata na waje suke amfani da DC, mai tafiya fuska ɗaya. Ita kuma DC sai an gina babbar tashar juya wuta a kowane baki, kuma tashoshin nan su ne masu cin kuɗi. Illarsa a gare mu ita ce ba a iya jona taransifoma a hanya. Layin zai wuce ta bayan gidan mutumin ƙauye, shi kuma yana kunna tocila. Yaya za a yi ka ce wa wannan mutum ya zama mai gadin abin da bai taɓa amfana da shi ba? Ga kuma zafi. Kebul yana ɗumi, ƙasar da ke kewaye da shi ce ke janye ɗumin, kuma busasshiyar ƙasa ba ta janyewa sosai. A watan Afrilu, lokacin da kowa ke neman fanka da ruwan sanyi, a lokacin ne ƙasarmu ta fi bushewa, sai dai a rage wutar da ake turawa ko a cike ramin da yashi na musamman tun farko. Kuɗin duka ninkin-ba-ninkin na layin sama ne.

Kada kuma a yi wa dogon jana'iza da ransa. An buɗe tashar tsandauri, wato tashar loda da sauke kayan kwantena a kan tudu, a Funtua a 2024, kuma tashar tsandauri ba jirgin ƙasa kamar kasuwa ce ba hanya. Duk abin da za a binne, a binne shi can gefe, a bar wa jirgi wurinsa har da inda za a faɗaɗa nan gaba.

Ga abin da nake ganin za a iya yi ba tare da jiran rancen ƙasashen waje ba. Gyaran tsarin mulki da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa da ta lantarki, Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta buɗe musu hanyar kafa kasuwar wutarsu. Saboda haka gwamnatin Katsina ba ta da uzurin cewa abu na tarayya ne. Ta zauna da Hukumar Jiragen Ƙasa da TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta na ƙasa, a fito da tsofaffin taswirori, a bi sashen da ke cikin jiharmu taku-taku, a kafa duwatsun iyaka, a buga taswirar kowa ya gani, a hana ofishin filaye ba da takarda a ciki. Hakimai da dagatai su san inda iyakar take. Manomin da ke shuka wake ko gyaɗa a wurin a bar shi da yarjejeniyar shekara-shekara, sharaɗin kawai ba gini ba dashen itace. Kasancewarsa a wurin ma tsaro ne. Waɗanda suka riga suka gina a ƙirga su yanzu tun suna ƙirguwa. Idan filin ya tsira, ana iya fara binne gajerun sassa a cikin gari, kamar tsakiyar Funtua inda turaku ba su da wurin tsayawa, a bar na daji a sama. Wayar intanet ma da bututun ruwa duk za su iya bin wannan hanya su biya haya.

Kuma tun da sabon dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, ya biyo ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, an riga an yanka sabuwar tsaga. Yanzu ne lokacin da ya dace a ware 'yan mitoci a gefensa don wuta, a sa bututun da waya za ta bi a ƙarƙashin kowace gada da kwalbati tun masu aikin suna wurin da injinansu. Muna da fankokin samar da lantarki daga iska 37 a Lambar Rimi da aka faro tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, muna da ranar da ba ta ƙarewa, kuma duk mai son kafa tashar sola tambayarsa ta farko ita ce ta ina zai fitar da wutar. Ina roƙon 'yan majalisarmu na shiyyar Funtua da ta Daura su tambayi Ma'aikatar Sufuri da ta Lantarki a rubuce ko an yi wannan tanadi, ku kuma 'yan jarida ku buga mana amsar da aka ba su.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.