Koren Shayi Ba Magani Ba Ne, Kuma Ba a Tafasa Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan koren shayi, wanda a 'yan shekarun nan ya shigo kasuwannin ƙauyukanmu ta bakin masu tallan magani. Ranar kasuwa za ka ji su da lasifika, wai yana narkar da tumbi, wai yana wanke jini, wai yana kashe ciwon suga. Magidanci ya saya da tsada ya kai gida, uwargida ta jefa a tukunya ya yi ta ɓararraka, a sha ana yamutsa fuska, a ce ai dama magani da ɗaci aka san shi. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin an cuci mai saye ta fuska biyu: an yi masa alkawarin da ganyen ba zai cika ba, sannan an raba shi da daɗin da ke cikinsa.

Ni tsohon malamin gona ne. Mun yi aiki da shirin Sasakawa, na wata ƙungiyar Japan mai tallafa wa manoma, a shekarun 1990, kuma riɗin da manomanmu ke kaiwa kasuwa, Japan na cikin manyan ƙasashen da ke sayensa, saboda haka sunan ƙasar ba baƙo ba ne a wajenmu. Amma shayinsu, sai da ɗan ƙanena ya je kwas na noman shinkafa a garin Tsukuba na san shi. Ya zo mini da ganyen da suke kira sencha da wata 'yar butar yumɓu mai mariƙi a gefe, ya zauna ya nuna mini yadda masu masaukinsa ke haɗawa. Daga baya likita ya ce in rage sukari, sai wannan shayi ya zama abin shana na safe.

Itacen shayi iri ɗaya ne a duniya. Na cikin jakar Lipton, da na Mambila a Jihar Taraba, da ganyen da Buzaye ke dafawa a kan gawayi, da na Japan, duk daga shuka guda suke. Bambancin yana wajen sarrafawa. Idan aka tsinke ganye aka murza aka bar shi ya sha iska, sai ya rikiɗe ya yi duhu, ya ba da jan ruwan da muka saba gani a teburin mai shayi. Idan kuwa kore ake so, dole a sa masa zafi da wuri don a tsayar da wannan rikiɗa. Mutanen Sin galibi gasa shi suke yi a kasko. Japanawa kuwa turara shi suke yi cikin 'yan sa'o'i da tsinkowa, wani rabin minti, wani ya kai minti ɗaya ko biyu, sannan a murza a busar har ya koma siri-siri, kore shar. Wani manomi mai suna Nagatani Soen, a yankin Uji kusa da Kyoto, shi ya daidaita wannan hanya a 1738. A yau lardunan Shizuoka da Kagoshima ne suka fi noma shi, kuma tsinkar farko ta ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu ita ce mafi daraja.

To, turararren ganye ba ya jure tafasa, kuma dalilin a fili yake. A cikin ganyen akwai sinadarin da ke ba da garɗi, wanda ake kira tiyanin, shi kuma ko a ruwa mai ɗumi yana fita. Akwai katekin mai kawo bauri, akwai kafeyin mai ɗaci, wanda ke hana barci. Waɗannan biyun sai ruwa ya haura digiri 80 suke kwararowa da yawa. Wanda ya zuba tafasasshen ruwa, balle ya bar ganyen a kan wuta, ya fito da baurin da ɗacin gaba ɗaya, sun danne garɗin. Daga nan babu mafita sai sukari, ga shi kuwa sukarin aka ce a guje wa.

Ga yadda nake yi. Ina tafasa ruwa sosai tukuna, sannan in saukar da zafinsa zuwa tsakanin digiri 70 da 80. Japanawa suna da wani ɗan kwano na musamman na hucar da ruwa, kuma suna cewa duk juyi ɗaya daga mazubi zuwa mazubi yana rage kusan digiri 10. A zafin bazararmu juyi ba ya rage haka, don haka na fi dogara da lissafi: kofi biyu na tafasasshen ruwa, kofi ɗaya na ruwan randa, wanda shi ma an tafasa shi tun jiya ya kwana. Haɗinsu yana ba da wajen digiri 75, ba sai da ma'aunin zafi ba. Ganye kuwa, cikin cokalin shayi ɗaya ga kowane mutum, wato giram 2 zuwa 3, ruwan kuma rabin kofi, kada ya wuce. A zuba ruwan a kan ganyen, a rufe butar, a ƙyale ta minti ɗaya ba girgizawa ba motsawa da cokali.

Wajen tsiyayawa ne na ga tarbiyyar Japanawa. Ba a cika kofin mutum ɗaya sannan a koma na gaba, don na farko zai sami salam-salam, na ƙarshe ya sami mai kauri. Ana zuba kaɗan a na farko, kaɗan a na biyu, kaɗan a na uku, sai a juyo daga na uku zuwa na farko, har kowa ya sami daidai da ɗan'uwansa. Kuma sai an tsiyaye butar tas, har ɗigon ƙarshe, domin shi ya fi ɗanɗano, kuma ruwan da aka bari a ciki zai ci gaba da jiƙa ganyen ya ɓata zagaye na biyu. Bayan haka a ɗan buɗe murfin tururi ya fita. Zagaye na biyu ruwan ya fi na farko zafi kaɗan, amma daƙiƙa 15 zuwa 20 sun isa, tunda ganyen ya riga ya buɗe. Na uku ya fi zafi, a ɗan jinkirta masa. Ganye mai kyau yana ba da uku ba tare da ya gaza ba.

Launinsa kore ne mai ɗan rawaya, ƙamshinsa na ɗanyen ganye. Kurɓar farko takan ba mutum mamaki, don harshe yana jiran zaƙi ko yaji, sai ya ji wani garɗi mai nauyi ya shimfiɗu a bayan harshe, irin wanda daddawa ke sa wa miya. Bauri kaɗan yana biyowa, ya wuce, sai wani zaƙi-zaƙi ya taso daga maƙogwaro bayan an haɗiye, ya daɗe bai tafi ba. Wannan zaƙin na ƙarshe shi ya sa nake jin takaici idan na ga an zuba masa citta da kanumfari. Ba ni da ja da kayan ƙamshi, da hunturu ni ma su nake nema, amma a wannan shayi suna rufe abin da aka sayi ganyen dominsa.

A matsayina na wanda ya yi rayuwarsa a gona, abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke juya ɗanɗano tun shuka tana tsaye. Hasken rana yana sa ganye ya mayar da tiyanin ɗinsa katekin. Sai manomin ya rufe gonar da rumfa wajen kwana 20 kafin tsinka, ganyen ya yi kore mai duhu, garɗinsa ya ƙaru, baurinsa ya ragu. Daga irin wannan gona ake samun gyokuro, shayinsu mai tsada, wanda ake jiƙawa a ruwan digiri 50 zuwa 60 na minti biyu ko fiye. Daga nan ne kuma ake samun ganyen da ake niƙawa a dutse ya zama garin matcha, wanda ake kaɗawa da ɗan maburgin gora a sha har da garin. Manomi ya san abin da yake so harshen mai saye ya ji, ya shirya gonarsa a kan haka. Mu da muke noman riɗi da zoɓo muna sayarwa a buhu ba tare da mun san bakin da zai ci ba, akwai abin dubawa a nan.

Na san mai karatu zai ce, Malam, ina ɗan ƙauye zai sami ganyen Japan? Gaskiya ne, yana da wuyar samu kuma da tsada. Amma ganyen nan da samari ke dafawa a majalisa cikin 'yar buta, mai zuwa daga Sin a ƙananan kwalaye, shi ma koren shayi ne, gasasshe. Tafasa shi da ake yi har ya yi baƙi ita ke sa sai an loda masa sukari. Na gwada shi da ruwan digiri 75 na minti ɗaya da rabi, bayan na ɗauraye shi da ɗan ruwan ɗumi. Bai kai sencha garɗi ba, yana da ɗan ƙaurin hayaƙi, amma ana shansa lafiya lau babu sukari ko ɗigo. Abokan zamana na ƙofar masallaci da farko cewa suka yi, "Alhaji, wannan ai ruwan zafi ne ka ba mu." Yanzu wasu daga cikinsu, musamman masu fama da suga da hawan jini, su ke tambaya ko an ɗora ruwa.

Akwai wani nau'in da ya dace da mu mutanen fadamar Haɗeja, shi ne genmaicha, wato koren shayi da aka gauraya da gasasshiyar shinkafa. Shinkafar da matanmu suka turara suka shanya, idan aka gasa ta a kasko ba mai har ta yi ja, aka haɗa rabi da rabi da ganye, tana ba da ƙamshi mai daɗi, ganyen ya yi auki, ƙarfinsa kuma ya ragu. Shi wannan yana karɓar ruwa mai zafi sosai, rabin minti ya wadatar. Da bazara kuma, a sa cokali biyu na ganye a kwalbar ruwa mai tsabta, a toshe, a tsoma a randa na 'yan sa'o'i. Ruwan sanyi ba ya fito da ɗaci, sai garɗi. A tace a shanye a ranar, kada ya kwana.

Ruwa ma yana da nasa hukunci. Ruwan Japan galibi mai laushi ne. Rijiyar burtsatse mai zartsi tana kashe ɗanɗanon, ta dusashe launin, don haka a nemi ruwan da ya fi daɗin sha a garin. Ganyen kuma yana zuƙar wari, kada a ajiye shi kusa da kananzir ko kayan miya. A sa shi a gwangwani mai murfi, nesa da rana da laimar damina, kuma in an buɗe a yi ƙoƙari a gama da shi cikin wata ɗaya ko biyu.

Sai batun magani, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami. Malamin addinin Buddha mai suna Eisai, wanda ya dawo Japan daga Sin da irin shayi a 1191, ya rubuta littafi a 1211 yana yabon amfaninsa ga jiki. Ke nan yabon tsoho ne, kuma ganyen yana da alherinsa. Amma Japanawan da ke shansa safe da yamma suna zuwa asibiti, suna shan maganin da likita ya rubuta. Amfanin da na tabbatar a kaina shi ne sukarin da na daina zubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba ke sha a rana kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincinsa, wato wajen cokalin shayi 12, in son samu ne ma 6. Kowa ya duba abin da ake zuba masa a kofi ɗaya da safe, ya ƙara da na majalisar dare, ya yi wa kansa lissafi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shayin rage ƙiba. Da yawa daga irinsu ana haɗa su da ganyen filasko ko danginsa, mutum ya yi ta zawo yana murna wai kitse ne ke fita, alhali ruwan jikinsa ne. Ƙwayoyin da ake cewa an tatso su daga koren shayi ma ba abin wasa ba ne, domin hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa yawan katekin a irin wannan siga yana iya taɓa hanta, ko da yake jiƙaƙƙen ganye na yau da kullum ba ta ga matsala a tare da shi ba. Na san dattijuwa a garinmu da ta ajiye maganin sugarta saboda maganar mai lasifika, sai da aka kwantar da ita a asibiti. Mata masu juna biyu da masu ƙarancin jini kuma su sani cewa shayi kowane iri yana rage yadda jiki ke karɓar sinadarin ƙarfe daga abinci, saboda haka su ba da tazarar kamar awa ɗaya bayan cin tuwo. Mai wahalar barci ya tsaya a na safe.

Malam Edita, roƙona biyu ne. Ku tura wakilinku kasuwannin mako na Jigawa da Kano ya sayi waɗannan kwalaye, ya duba ko suna ɗauke da lambar NAFDAC, ya karanta mana abin da aka rubuta an haɗa a ciki. Sannan ku tura shi Mambila, inda ake noman shayi a ƙasar nan kuma cibiyar binciken koko ta ƙasa ke da reshe mai kula da shi, ya tambayi masanan ko ƙananan manoma za su iya turara ganyensu yadda ake yi a Shizuoka, da abin da hakan zai ci. In ganyen gida ya samu a farashin da talaka zai iya, ni a shirye nake in zagaya teburan masu shayi na ƙaramar hukumarmu in nuna musu haɗin.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Ƙaramar Hukumar Auyo, Jihar Jigawa.