Ganyen Kel Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na karanta bayanin da ya fito a shafinku na kiwon lafiya kan ganyen kel, ɗan'uwan kabejin nan da ba ya dunƙulewa. Na ji daɗi da aka tuna da shi, kuma abin da aka faɗa kan amfaninsa gaskiya ne. Sai dai wuri ɗaya ya tsaya mini a rai, inda marubucin ya nuna ganye ne mai ɗaci da tauri, wanda sai dai a daure a ci saboda lafiya. Shekara 6 ke nan ina shuka shi a ɗan filin da ke bayan gidana, ina dafawa iyalina suna ci, shi ya sa na kasa yin shiru. An yi wa ganyen nan kuɗin goro. Kel iri-iri ne, kuma tsakanin wani iri da wani akwai tazara a baki kamar ba dangi ba.

Ni ma da haka na fara. Shekarar farko na sayi ƙunshin iri wanda ba a rubuta komai a jikinsa ba sai sunan ganyen kawai. Na yafa shi ana tsakiyar zafi, ya fito da ganye mai tattara a gefe, kore shar, gwanin kyau a ido. Na tsinko cike da kwando, na yanka har da jijiyar tsakiya, na zuba a tukunya na rufe, na bar shi yana tafasa fiye da rabin awa don ya yi laushi. Gidan duk ya ɗauki wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. 'Yata ta kai loma ɗaya ta ajiye cokali, maigidana ya ci don kara. Na ji ciwon abin sosai, domin wata biyu na yi ina ban ruwa safe da yamma. Daga baya na gane kuskure uku na haɗa a tukunya guda: na ɗauki irin da ya fi kowanne kaifi, na shuka shi a lokacin da ba nasa ba, sannan na dafa shi har ya wuce ƙa'ida.

Masana tsirrai suna kiran yawancin kel da Brassica oleracea, wato jinsi ɗaya yake da kabeji da burokoli da farin kabeji. Rukuninsa a cikin dangin shi ne Acephala, ma'ana mara kai. Ɗacin da yajin da ake ji daga wasu sinadarai ne masu ɗauke da farar wuta, ana ce musu gulukosinolet, waɗanda shukar ke kare kanta da su daga ƙwari. Idan ta sha zafi da ƙishirwa sai ta ƙara su, ganyen kuma ya yi kauri. Idan sanyi ya kama ta sai ta tara sukari a ganye don kada ruwan jikinta ya daskare. Wannan ne ya sa a arewacin Jamus al'adarsu ba sa fara cin sa sai sanyin da ke daskarar da raɓa ya sauka a kansa. Yanayin da ya fi so shi ne kusan digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas. Ganyen da na tsinka a watanni masu sanyi da wanda na tsinka a jikin shukar nan dai bayan zafi ya shigo, wanda bai sani ba zai rantse ba uwa ɗaya ta haife su ba.

A shekara ta uku na shuka iri uku a jere, kunya ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Ranar da suka isa ci na dafa kowanne daban da ɗan mai da albasa da gishiri, na jera kwanuka uku ban faɗa wa kowa wanne ne wanne ba.

Mai tattarar nan, irin su Winterbor, shi ya zo na ƙarshe a wurin yara. Yana da ɗan yaji a bayan harshe da gafi idan bai ji wuta ba, kuma yana neman tauna. Amma ban yar da shi ba, domin tattarar tasa tana riƙe romo da mai yadda sauran ba sa iyawa. Idan aka tsoma shi a tafasasshen ruwan gishiri na minti 2 ko 3 aka tsame aka matse, rabin kaifin ya tafi. Mutanen Holan da shi suke kirɓa dankalin turawa, kuma na gane dalili: dankalin yana kwantar da shi. Akwai ɗan'uwansa mai launin shuni, Redbor. Ya fi kowa kyau a lambu, amma a baki bai bambanta da koren sosai ba.

Na biyu shi ne wanda zuciyata ta fi kwantawa da shi, Lacinato, wanda Italiyawa ke kira cavolo nero, wato baƙin kabeji. Ganyensa dogo ne siriri, koren ya yi duhu har ya kusa baƙi, fatarsa gudaji-gudaji kamar ta kada. Idan an daɗe ana tsinkar na ƙasa, shukar takan tsaya da tsirarar kara da tuntun ganye a ka, kamar 'yar bishiya. Ɗacinsa kaɗan ne, yana da garɗi mai zurfi da ɗan zaƙi a ƙarshe, kuma duk daɗewarsa a romo ba ya narkewa ya zama lugub. Minti 20 zuwa 30 a wuta marar ƙarfi, sai ya yi taushi yana nan da siffarsa. A yankin Taskani na Italiya da shi suke yin miyarsu ribollita, da farin wake da burodin da ya kwana. Na gwada shi da wake da tafarnuwa, maigidana da ya ci na farko don kara shi ya nemi ƙari.

Da Lacinato na koyi murza. Sai ka kama ƙarshen jijiyar da hannun hagu, ka zage ganyen da na dama, ya fita sul ya bar jijiyar. Ka naɗe ganyayen ka yanka siri-siri, ka yayyafa gishiri kaɗan da cokali ɗaya na mai da ruwan lemon tsami, sannan ka sa hannu ka yi ta murzawa. Da farko za ka ji yana ƙaras-ƙaras a tafin hannu yana turjewa. Kafin minti 2 sai ka ji ya saki, launin ya ƙara duhu yana sheƙi, tulin da ya cika kwano ya koma rabi. A haka ake cin sa ɗanye, babu gafi ko kaɗan.

Na uku, Red Russian, shi yara suka zaɓa baki ɗaya. Ganyensa shimfiɗaɗɗe ne mai yatsu-yatsu, kore mai toka-toka, jijiyoyin shuni. Taushi gare shi, da zaƙi-zaƙi, ƙananan ganyensa na kwana 25 zuwa 30 ana ci ɗanye ba sai an murza ba. Ashe ma ba jinsinsu ɗaya da biyun farko ba. Shi Brassica napus ne, dangin shukar da ake matse man kanola. Aibinsa biyu: yana yaushi da wuri bayan an tsinka, kuma a wuta minti 3 ya ishe shi, ya wuce haka ya zama kamar tsumma. Duk wanda zai fara gabatar wa iyalinsa kel, da wannan nake ba shi shawara ya fara.

Ga wanda yake inda zafi ya fi yawa, akwai na Habasha, Brassica carinata. Ya fi sauran jure zafi, yana girma da sauri, ɗanɗanonsa mai sauƙi ne da ɗan ƙamshi kamar na tafarnuwa. Yana kuma yin fure ya ba da iri ba tare da wahala ba, saɓanin su Lacinato da sai sun ratsa sanyi mai ƙarfi kafin su yi fure a shekara ta biyu. A Kenya kuwa wani dangin kel mai faffaɗan ganye abincin yau da gobe ne, har sunansa sukuma wiki, ma'ana tura mako, domin shi ke kai mai ƙaramin ƙarfi ƙarshen mako.

Noman kel ba wuya. Ina yafa iri zurfin santimita 1, ya tsiro cikin kwana 5 zuwa 10, in dasa bayan mako 4 zuwa 6 idan ya yi ganye huɗu ko biyar, da tazarar santimita 45 tsakani. Yana son ruɓaɓɓen taki da danshi marar yankewa, don haka nake rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa. Wurin tsinka ake ɓata shi. Daga ƙasa ake farawa, a ɗauki biyu ko uku a kowace shuka, kada a taɓa tohon tsakiya. A haka shuka ɗaya za ta yi watanni tana bayarwa. Abokan gabarsa ƙwarƙwatar ganye da wata 'yar koriyar tsutsa mai huda ganye ta ƙasa. A nan ma iri yana da tasiri. Ƙwarƙwata tana shigewa cikin tattarar mai tattara ta yi gida inda ruwa ba ya kai mata, alhali a shimfiɗaɗɗen ganyen Red Russian ana ganin ta tun tana kaɗan a goge da yatsa. Nakan ɗaga ganye in duba ƙarƙashinsa kowace safiya, kuma ba na maimaita dangin kabeji a kunya ɗaya sai bayan shekara 3, saboda cututtukan da ke kwana a ƙasa.

Abu ɗaya da na so a ce bayanin naku ya ambata: kel yana da bitamin K mai yawa ƙwarai. Mai shan maganin hana daskarewar jini irin warfarin ya kamata ya yi shawara da likitansa kafin ya mayar da shi abincin kullum, domin yawan canjin abin da yake ci na iya taɓa aikin maganin.

Roƙona gare ku, ranka ya daɗe, idan za a sake rubutu a kan ganyen nan a faɗi sunan irin da ake nufi da yadda ake dafa shi. Masu sayar da iri su ma su riƙa rubuta sunan iri a jikin ƙunshi, domin da an rubuta mini a shekarar farko da ban yi asarar wata biyu ba. Wanda ya taɓa ɗanɗanawa ya ture kwano, ina roƙonsa ya nemi Red Russian ko Lacinato, ya shuka ko da gindi biyar ne a farkon sanyi, ya zage jijiyar, ya bar tukunyar a buɗe. Nawa na bana sun kai ganye huɗu, jibi in Allah ya yarda zan dasa su.

Wassalam.

Taku,
Wata mai ɗan lambu a bayan gida