Aikin mai ɗaukar hoton mama a asibiti, da abin da take buƙata a Katsina

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi bayani a kan wani aiki da ba a cika ambatonsa ba idan ana maganar sankarar mama. Duk watan Oktoba akan yi gangami, a yi kira ga gwamnati ta sayo na'urar mamografi, wato injin da ke ɗaukar hoton mama da hasken eksire. Kiran yana kan hanya. Ƙiyasin cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da wannan ciwo a Najeriya, sama da 16,000 kuma suka rasu, kuma mafi yawan masu zuwa asibiti ba sa zuwa sai ciwon ya ci jiki. Sai dai likitan da ke karanta hoton sau da yawa bai taɓa ganin matar ba. Abin da ma'aikaciyar hoto ta shigar cikin hoton shi kaɗai yake gani. Idan ta bar wani sashe na nama a waje, kuma a nan ƙarin yake, wato ƙullutun ciwon, sakamako zai fito cewa lafiya lau, matar ta koma gida da kwanciyar hankalin da ba na gaskiya ba. Wannan shi ne nauyin da ke wuyanta, kuma shi muke so masu tsara harkar lafiya a jihar nan su sani.

Ma'aikaciyar ba likita ba ce, ba nas ba ce. Digirin rediyogirafi, wato ilimin ɗaukar hoton cikin jiki, take yi na shekara 5, irin wanda ake yi a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ta yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan ta yi rajista da hukumar rajistar masu wannan sana'a da aka kafa da dokar soja mai lamba 42 ta 1987. Bayan haka ma sai ta samu horo na musamman, domin wadda ta ƙware a hoton ƙirji ko na ƙashi ba lallai ta iya hoton mama ba.

Aikinta yana farawa kafin mace ta farko ta shigo. Takan kunna injin ya ɗumama, ta goge farantin da ake ɗora mama da murfin robar da ke matse shi, ta duba allon kwamfuta. Duk mako takan ɗauki hoton wani ɗan akwatin gwaji mai kwaikwayon maman da aka matse zuwa kaurin santimita 4.2, wanda aka binne wa zare 6, da rukunin ɗigo 5, da curi 5 a ciki. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, sai an ga aƙalla zare 4, rukunin ɗigo 3 da curi 3 kafin a yarda injin yana gani. Idan bai kai ba, haƙƙinta ne ta dakatar da aiki ta kira injiniya, ko da kuwa layi ya cika. Duk wata 6 takan gwada ƙarfin matsi da sikeli. Wannan gwaje-gwaje ba ƙa'ida ce ta takarda kawai ba. Abin da ake nema a hoton mama wani lokaci ɗigon alli ne da bai kai rabin milimita ba, kamar ƙwayar garin gishiri, kuma shi ne alamar farko ta wasu nau'o'in ciwon tun kafin hannu ya ji komai. Injin da ya fara dusashewa ba zai nuna shi ba, kuma ba zai yi ƙara ya sanar da kowa ba.

Sai tambayoyi. Suna, shekaru da lambar kati, a tabbatar sun yi daidai da takardar likita, domin a rana ɗaya ana iya samun Hajiya A'isha uku a kan benci. Yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, akwai yiwuwar ciki, tana shayarwa? An taɓa yi mata aiki a mama? Mahaifiyarta ko 'yar uwarta ta taɓa yin ciwon? Akwai ƙullutu, a wane ɓangare, tun yaushe? Kan nono yana fitar da ruwa ko jini? Ta taɓa yin hoton a wani wuri, kuma yana ina? Amsoshin su ke raba aikin gida biyu: mace mai lafiya da ta zo dubawa, wadda hoto 4 ya ishe ta, da wadda ta zo da koke, wadda za a yi wa ƙarin hotuna kuma likita ya gani kafin ta tafi. Mai ciki ba a yi mata sai likita ya auna ya ce a yi. Mai shayarwa ta ba jariri ya sha kafin ta shiga, don mama ya yi sauƙi. Yarinyar da ba ta kai shekara 30 ba, da sikanin ake fara mata, saboda namanta yana da ƙarfi, yana fitowa fari a hoto, ƙari ma fari yake fitowa. Wadda kuma mamanta ya riga ya fashe ya zama gyambo, ba a matse shi, wurin likitan tiyata za a kai ta a ranar.

Akwai abin da ya kamata matan Katsina su sani tun daga gida. Ranar hoto kada a shafa hoda, ko turaren hammata, ko alimun, ko wani magani a ƙirji da hammata. Irin waɗannan suna iya barin ɗigo-ɗigo a hoto masu kama da ɗigon allin da ake tsoro. Ma'aikaciya takan ba da auduga da ruwa a goge. Takan sa a cire sarƙa da laya, a ɗaure gashi da mayafi baya, ta kuma duba fatar da idonta: tabon tsaga, tabon ƙaho ko tawadar Allah mai tudu, duk sai ta sa musu alama ko ta zana su a takarda, don kada likita ya ɗauke su wani abu ne a ciki. Mafi dacewar lokaci shi ne mako ɗaya bayan gama al'ada, lokacin da mama bai cika ciwo ba.

Gwanintar kanta tana wurin tsayar da mace a gaban injin. Kowane mama hoto biyu ake yi masa. Na farko daga sama zuwa ƙasa, wanda ake kira CC. Ma'aikaciya takan sa tafin hannunta ta ɗaga maman daga gindinsa iya inda fata za ta tafi, ta daidaita tsayin faranti da wannan wuri, sannan ta jawo naman da hannu biyu daga jikin ƙirji zuwa gaba. Matar ta juya fuskarta ɗaya ɓangaren, ta saki kafaɗa. Idan farantin ya yi ƙasa, murfin zai ja fatar sama, ya yi zafi, kuma naman sama ya kuɓuce. Kan nono dole ya fito a gefe sarai. Idan ya lanƙwashe ya shige ƙarƙashi, yakan fito kamar ƙari, a ɗaga wa mace hankali a banza.

Na biyu shi ne na karkace, MLO, kuma shi ya fi wuya. Ana karkata injin kimanin digiri 45, a ƙara zuwa wajen 60 ga doguwa siririya, a rage ga gajera mai jiki, domin faranti ya bi kwanciyar tsokar ƙirji. Kusurwar farantin takan shiga cikin hammata, matar ta ɗora hannu a jikin injin ba tare da ta damƙe ba, saboda damƙa tana ɗaure tsoka ta hana ta shiga hoto. Ma'aikaciya ta ɗaga maman sama da gaba, ta riƙe shi har murfi ya karɓe shi daga hannunta, sannan ta ja fatar ciki ƙasa don buɗe lanƙwasar da ke ƙarƙashin mama. Idan ta saki da wuri, mama ya zube, nama ya hau kan nama. Hoton da ya yi kyau ana gane shi: tsokar ƙirji ta sauko har daidai kan nono ko ƙasa da shi, lanƙwasar ƙasa ta fito a buɗe, babu ninkin fata, babu haɓa ko kafaɗa a ciki. Akwai kuma awo. A ja layi daga kan nono zuwa tsoka a hoton karkace, a ja irinsa a hoton sama, bambancinsu kada ya wuce santimita 1. Idan ya wuce, an bar naman baya a waje. Dalilin wannan naci shi ne sankara ta fi fitowa a sashen sama na wajen hammata, kuma nan ne hannun da bai ƙware ba ya fi bari.

Matsi shi ne abin da mata ke gudu, har wata ta gaya wa wata cewa injin yana fasa mama ko yana watsa ciwo. Ba ya yi. Ƙarfin da ake sawa yakan kama daga kilo 11 zuwa 18, ba a wuce 20, kuma daƙiƙoƙi ne kaɗan, da an ɗauka murfin ya saki da kansa. Amfaninsa shi ne yana baje nama don ƙari ya rasa maɓoya, yana hana motsi, yana kuma rage yawan hasken da jiki ke sha. Ma'aikaciyar kirki takan sauko da murfin a hankali, tana magana da matar, «Hajiya, ki yi haƙuri, saura kaɗan, idan ya yi yawa ki ce in tsaya», ta taɓa fatar ta ji ta ɗame, sannan ta ce a riƙe numfashi. A ganinmu tausayin da ke sa a rage matsi har hoto ya fito dishi-dishi cutarwa ce, domin ko dai a maimaita, ko a rasa abin da aka zo nema. Gaggawar da ke sa a danna da ƙarfi ba bayani ita ma cutarwa ce, don matar ba za ta dawo baɗi ba, kuma za ta hana maƙwabtanta zuwa.

Game da haske, hoton mama ana ɗaukarsa da ƙarfin lantarki na kilobolt 25 zuwa 35, ƙasa sosai da na hoton ƙirji. Duka hotuna 4 ɗin sun yi daidai da hasken da mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin mako 7 ko makamancin haka. Duk da haka ba a wasa da shi. Ita ma'aikaciyar takan tsaya bayan gilashi mai dalma, tana sanye da ɗan bajen da ke auna hasken da ya same ta, kuma ɗakin sai da lasisin hukumar kula da makamashin nukiliya ta ƙasa. Takan rubuta duk hoton da ta maimaita da dalilinsa, a duba lissafin duk wata 3. Idan ya haura 5 cikin 100, akwai gyara a hannu ko a injin.

Kafin matar ta sa kaya ta fita, sai an duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar alamar dama da hagu tana daidai. Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu, domin wadda ta taso daga Baure ko Zango ko Jibiya, ta nemi izinin maigida, ta haɗa kuɗin mota, ba lallai ta iya dawowa don an yi kuskure ba. Idan likita ya nemi ƙarin hoto, ita ke yin hoton da ake matse wuri ɗaya da ƙaramin murfi, ko wanda ake ƙara girmansa sau 1.5 zuwa 1.8 don a ga siffar ɗigon alli, ita ke kuma tsayar da mace lokacin da likita zai ciri ɗan nama da allura.

Abin da ba aikinta ba ne shi ne faɗin sakamako. Za a tambaye ta, «'Yar nan, me kika gani?», kuma amsarta ita ce likita zai karanta, ga ranar da za a karɓa. Amma idan ta ga abin da ya tayar mata da hankali, sai ta kai wa likita nan take. Sakamako yakan zo da lamba daga 0 zuwa 6. Lamba 0 na nufin ana buƙatar ƙarin hoto, kuma yawancin waɗanda ake sake kira ba a samun daji a jikinsu. Lamba 4 da 5 na nufin a ciri nama a gwada. A nan ake asarar mata da yawa, don lambar wayar da ke kan kati ta miji ce ko ta ɗa, ko ba ta shiga. Ya kamata ta tambayi matar da kanta wa take so a kira, ta karɓi lamba biyu, ta riƙe rajistar waɗanda ba su dawo ba, ba tare da ta tona sirrin kowa a waya ba. Ta kuma gaya wa duk mai ƙullutu cewa ko hoto ya fito lafiya, sai likita ya bi diddigin ƙullutun, domin mamografi yana rasa kusan ɗaya cikin 8 na ciwon.

Roƙonmu ga gwamnatin jiha da shugabannin asibitoci, daga Katsina har Daura da Funtuwa, shi ne duk inda za a kafa wannan injin a sa ma'aikaciyarsa a cikin kasafin tun farko. Mace muke nufi, aƙalla biyu, saboda idan ɗaya ta tafi hutun haihuwa kada ɗakin ya rufe, kuma mun san matanmu da yawa za su gwammace su koma gida da su buɗe ƙirji gaban namiji. A ɗauki nauyin 'yan matan jihar nan su karanci rediyogirafi, ƙananan hukumomi 34 ba za su rasa masu hazaƙa ba. A ba kowace mace minti 15 zuwa 20 a jadawali. A sayo akwatin gwaji tare da injin, a ƙulla yarjejeniyar gyara da kamfanin da ya kawo shi. A tanadi na'urar sanyaya ɗaki da ba ta mutuwa, da batirin da ke riƙe wuta, da ƙofa da tagar da ƙurar hunturu ba ta ratsawa, domin farantin injinan zamani ba ya jure zafin watan Afirilu na Katsina, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar hoto na nufin a sake matse mace, a sake haska ta.

Mun gode da fili, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu ma'aikatan sashen hoto na asibiti,
Katsina.