Mashigin kwal na Somerset da matsalar gangaren Combe Hay

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi bayani kan wani tsohon mashigin ruwa a Ingila, kusa da birnin Bath, wanda aka haƙa don dakon kwal. Majalisa ta amince da aikin a 1794. Tsawonsa kusan mil 10 ne, daga mahaƙun Paulton da Timsbury zuwa Dundas, inda yake haɗuwa da mashigin Kennet da Avon. Dawakai ne ke jan jiragen daga bakin gaɓa, kuma a shekarun 1820 yana ɗaukar kwal fiye da tan 100,000 a shekara.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙauyen Combe Hay, inda dole jirgi ya sauka ƙafa 135. Ruwan saman tudu kaɗan ne, don haka aka ɗauki dabarar Robert Weldon: a gina rijiya mai faɗi da dutse, a cika ta da ruwa, a nutsa wani akwatin katako mai tsawon ƙafa 80 a ciki. Jirgi ya shiga akwatin ta ƙofar sama, a toshe, a saukar da shi ƙafa 46, ya fita ta ƙofar ƙasa. Ruwan da ake asara ɗan kaɗan ne. Uku aka yi niyya, ɗaya aka gina, har Yarima mai jiran gado ya zo kallon gwaji a 1799.

A ganina dabarar ba ta da laifi, ƙasar wurin ce ta kayar da ita. Akwai wani yumɓu da ke kumbura in ya sha ruwa. Ya turo bangon rijiyar ciki, akwatin ya riƙa maƙalewa. Abin mamaki, William Smith, wanda daga baya ya zana taswirar duwatsun Ingila a 1815, yana cikin ma'aikatan kamfanin mashigin har zuwa 1799. Aka koma sauke kwal ta kan gangare a cikin akwatuna, wannan ma ɓata lokaci, sai a 1805 aka buɗe ɗakunan ruwa masu ƙofofi guda 22 a jere, waɗanda ke saukar da jirgi mataki-mataki, tare da injin tururi da ke mayar da ruwa sama.

Jirgin ƙasa ne ya ƙarasa mashigin. An daina zirga-zirga wajen 1898, kamfanin jirgin ƙasa na Great Western ya saye shi a 1904, ya shimfiɗa layin dogo a kan wani sashensa, wanda shi ma ya mutu a shekarun 1950.

Yau mai tafiya a ƙafa zai ga bangon ɗakunan Combe Hay a bushe cikin kurmi, da gadar ruwa ta Midford, da ɗan guntun da aka gyara a Dundas inda jirage ke tsayawa. Wata barazana ga ginin ita ce saiwar itatuwa da ke shiga tsakanin duwatsu, sai ruwa ya bi tsagar ya daskare da sanyi ya ƙara buɗe ta.

Naku,
Wani mai karatu