Wasiƙar godiya ga asibitin dabbobin da ke kula da tsohon karena

Zuwa ga likitoci da dukkan ma'aikata,

Assalamu alaikum. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda mu masu karnuka mun saba haɗuwa da mutum iri biyu. Akwai wanda zai rantse maka cewa duk abin da ya fito daga ganye ko saiwa ba ya cutarwa, akwai kuma wanda da ka ambaci ganyen sai ya taɓe baki, ya ce ka daina ɓata masa lokaci. A wurinku ne na samu waɗanda suka zauna suka saurari maganar, suka yi mata tankaɗe da rairaya, kuma ina so wasu su san ana samun irin haka.

Karena ya tsufa, amosanin gaɓɓai ya kama shi a kwankwaso da ƙafafun baya. Da safe da ƙyar yake miƙewa, matakala kuwa ya daina hawa. Na zo muku da takarda cike da shawarwarin da na tattaro daga abokai da intanet. Likita ba ta ture takardar gefe ba. Sai da ta lalube gaɓɓan, aka ɗauki hoton ƙashi, aka gwada jini don a ga yadda ƙoda da hanta suke, sannan ta ɗauki biro muka bi shawarwarin ɗaya bayan ɗaya.

Tafarnuwa ce ta fara faɗuwa. Mutane da yawa suna cewa a riƙa zuba wa kare ita don ta kori ƙuma da kaska. Likita ta yi mini bayani cewa tafarnuwa da albasa da danginsu suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma illar ba ta cika bayyana nan take ba, sai bayan kwanaki ka ga dasashinsa ya yi fari, yana haki, fitsarinsa ya yi duhu. Man ti-tiri, wanda ake tatsa daga ganyen wani itace na Ostireliya, shi ma ta soke shi: idan ba a sirka shi ba yana ratsa fata, kare kuma ya lashe sauran, ya kama rawar jiki da tangaɗi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɓawon itacen wilo da ake sayarwa a matsayin maganin ciwo na asali. Sinadarin da ke cikinsa ɗan'uwan asfirin ne, kuma tunda likita ta rubuta wa karen wani maganin ciwo mai suna meloksikam, haɗa su biyun na iya jawo gyambon ciki. Wanda ya sayar maka da ɓawon ba zai tambaye ka wane magani karenka yake sha ba. Ku kun tambaya, kuma kuna tambaya duk zuwan da muka yi.

Ba ta tsaya ga hani kawai ba. Man kifi ta ce a ci gaba da shi, domin omega-3 da ke cikinsa yana rage kumburin gaɓɓai, kuma yana cikin 'yan abubuwan da aka gwada a kan karnuka aka ga amfaninsu. Ita ta auna mana adadin daidai da nauyinsa, ta ce idan ya yi yawa zai sa shi zawo, ya kuma ƙara masa ƙiba. Kan kurkum ta ce jiki ba ya tsotse sinadarinsa sosai, don haka kada in sa rai da yawa. Ƙwayoyin gulukosamin da ake sayarwa don lafiyar gaɓɓai ma haka ta faɗa, alhali suna jere a kan kantarku, kuma da ta ce in saya da na saya.

Abin da ta fi nanatawa ba ya cikin takardata ko kaɗan, wato nauyin karen. Ta sa na ɗora tafin hannu a haƙarƙarinsa, ta ce ya kamata in ji ƙasusuwan ba tare da na danna ba. Ban ji su ba. Ta ba ni labarin wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, inda aka bi karnuka 48 nau'in Labrado tun suna ƙanana har ƙarshen rayuwarsu. Rabinsu an rage musu kashi 25 cikin 100 na abincin da 'yan'uwansu ke ci, sai ga shi sun fi su tsawon rai da kusan shekara biyu, ciwon gaɓɓan ma ya yi jinkirin kama su. Ko yanzu idan ya zuba mini ido lokacin cin abinci sai in ji kamar in ƙara masa, amma ma'auninku ne ke aiki a gidan.

Sai ɗakin ruwa. Ban taɓa tsammanin zan ga kare yana tafiya a kan injin motsa jiki a cikin akwatin gilashi, ruwa mai ɗumi ya kai masa kafaɗa ba. Hikimar a fili take: ruwa yana ɗauke wani kaso na nauyin jiki, sai gaɓɓai su huta, tsoka kuma ta yi aiki saboda turjiyar ruwan. Ma'aikacin da ke wurin ya cancanci godiya ta musamman. Karen ya ji tsoron injin da farko, bai ja shi da ƙarfi ba, ya bar shi ya shinshina, ya shiga ya fita ba ruwa, har ya saba. Ma'aikaciyar jinya kuma ta koya mini yadda zan riƙa yi masa tausa a cinyoyi, da shimfiɗa abin da zai hana shi zamewa a daɓe mai santsi. Ƙananan abubuwa ne, amma ni da nake ganin yadda yake tashi yanzu na san aikinsu.

Kan tsira allurai irin na Sinawa, wanda ake kira akufanca, kun gaya mini gaskiya cewa hujjojin bincike ba su tsaya wuri ɗaya ba, wasu karnukan suna samun sauƙi, wasu ba a ganin komai. Kun ce in za a gwada, likitan dabbobi da ya koyi aikin ne zai yi, kuma a kan maganin ciwo za a ɗora, ba a madadinsa ba. Mun gwada, karen yana kwanciya lamo har ya yi gyangyaɗi. Ko alluran ne suka taimaka ko rage ƙibar da ruwan, likita da kanta ta ce ba za ta ɗora nasarar a kan abu guda ba.

Inda kuka tsaya kai da fata shi ne homiyofati da rigakafi. Homiyofati hanyar magani ce da wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, ya ƙirƙiro a 1796, kuma ana ta sirka maganin ne da ruwa har ya zama da wuya a samu ko ɗigon asalinsa a cikin kwalbar. A 2017 hukumar da ke kula da aikin likitocin dabbobi a Birtaniya ta bayyana cewa hanyar ba ta da tushe a kimiyya, kuma bai kamata ta jinkirta ko ta maye gurbin maganin da aka tabbatar ba. Ni dai a ganina ko da ruwan bai cutar ba, lokacin da ake ɓatawa ana jiran ya yi aiki shi ne cutarwar. Masu cewa ana iya ba kare irin wannan ɗigo a madadin allurar rigakafin farbo (cutar da ke sa karnuka amai da zawo mai tsanani) ko ta haukan kare kuwa, kun ce kada a saurare su, domin ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tsira. Ba ku bar mu mun fita ba sai da kuka duba katin rigakafinsa.

Ina kuma gode wa mai karɓar baƙi, wadda ke tuna mana lokacin sake gwajin jini, tunda maganin ciwon da yake sha yana buƙatar a riƙa sa ido a kan ƙoda da hanta.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira, ya albarkaci aikinku. Muna nan tafe ranar awon nauyi.

Naku,
Mai tsohon karen da ke zuwa ɗakin ruwa