Wa ke duba takarda kafin a sayar da makami?

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki.

Ni dai abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda 'yan majalisa a ƙasashe da yawa suke yin tsit da zarar an ce musu "maganar tsaro ce", alhali su ne fa ke sa hannu a kasafin kuɗin da ake sayen harsashin.

Ko Amurka ma sai da yaƙin Biyetnam ya ƙona ta sannan majalisa ta yi dokar 1973, wadda ta ce in shugaban ƙasa ya tura soja ya sanar da ita cikin awa 48, in kwana 60 suka cika ba ta amince ba ya janye su. Shugaban ƙasa na lokacin, Nixon, ya ƙi sa hannu, suka tsallake shi, amma waɗanda suka biyo bayansa kullum sai sun nemo ƙofar baya. 'Yan leƙen asiri kuwa sai 1975 kwamitin Sanata Frank Church ya tona yadda hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta riƙa kitsa kashe jagoran Kyuba, Fidel Castro.

Wanda ya fi damuna shi ne cinikin makamai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta fara aiki 2014 ta ce kar ka sayar in ka san fararen hula za a kashe da su, amma a 2019 sai da kotu a Ingila ta ce gwamnati ba ta duba abin da Saudiyya ke yi a yaƙin Yaman ba kafin ta ba da lasisin sayar mata da makamai, shekara na zagayowa aka ci gaba da ba da lasisi.

Naka mai karatu.