Sanarwa: Zaman ma'aikata ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da warhaka.

Za mu zauna ranar Asabar bayan La'asar a ofishinmu na Ƙofar Ƙaura. An shiga wata na biyu ba a biya albashi ba, kashi 8 da ake yanka mana na fansho kuma ba ya isa asusu. Mun san kamfanin na cikin matsi, kwastomomi sun ragu. Amma a tsare masu haɗa manhaja har sha ɗayan dare, da safe a tsinka mutum gaban ƙanana, wannan bai kamata ba.

Kowa ya rubuto kokensa a taƙaice, ya zo da takardar albashinsa. Za mu zaɓi mutum uku su kai wa shugabanni.

Don Allah kada a fitar da maganar nan waje. Allah ya bar zumunci.